Adakar Dariya

Adakar kakata ce, ta ƙarfe, mai hoton zakara.
Da can zannuwa take ci da turaren wuta,
yau kaset saba'in da uku ne a cikinta,
na jera su kamar tubali, ƙeya na bin ƙeya.

Ba wanda za ka san sunansa a cikinsu.
Samarin garuruwan da mota ba ta tsayawa ne,
da kyamarar aro guda, da gemun auduga,
da ɗan sandan da hular kwanonsa rabin ƙwarya.

Ran kasuwar Gujungu mutane na taya raguna,
ni ina tonon buhun 'yan gwangwan.
Wani na tarar an tokare ƙafar benci da shi,
wani a rumbu, gara ta ci kwalin ta bar mini zaren,
wani wata tsohuwa ce ta miƙo mini ta kan danga,
ta ce, "Ɗauka, mai shi ya daɗe da barin duniya."

Hansatu ta ce kuɗin taki nake kai wa fumfuna.
Ban musa ba.
Na samu auduga da ɗigon sifirit,
ina goge kan injin kamar mai wanke idon jariri,
har hoton ya daina rawa, ya tsaya.

Akwai guda da na fi so. Ba suna a jikinsa,
sai "Na Lawandi, ba a ara" da jan biro.
Wani siriri mai wushirya ya kai akuya ƙara
don ta cinye takardar cinikinta.
Ba ya ihu, ba ya faɗuwa ƙasa.
Gira ɗaya yake ɗagawa, ya yi shiru,
shirun nan ne ke kayar da ni don dariya.

Bara, bayan an cire gero, ina ratsa layin masu igiya
na ji an ce, "Ta rama ce, ba ta tsinkewa."
Na tsaya cak.
Tsoho ne, idanun sun yi fari fat, wushiryar ta zama giɓi,
amma ko cikin barci na san wannan murya.

Cindo sunansa. Na goya shi a babur har gida.
Janareta ya yi tari sau uku kafin ya yarda.
Ya zauna ya juya wa talabijin kunne,
leɓɓansa na riga na cikin akwatin magana,
tun abin dariyar bai iso ba kafaɗunsa sun fara girgiza.
Ya ce, "Akuyar nan fa ba ta cikin shiri.
Ta maƙwabta ce, ta shigo ta cinye takardar wasanmu,
muka rasa abin yi, sai muka bi ta a baya."

Ya ƙirga mini su da yatsu:
alƙalin ya rasu, masinjan ya rasu,
mai kyamara ya tafi Kurmi ba a sake jin sa ba,
akuyar kuwa an yi suna da ita.
Ana haka zaren ya sarƙe daidai wurin hukunci,
allon ya cika da yayyafi.
Cindo bai jira ni ba. Ya gyara zama, ya zama alƙali,
ya zama mai ƙara, ya yi kukan akuya,
na jiyo Hansatu bayan labule ta kasa riƙe ciki,
tana tari tana neman ruwa da tsintsiya a hannu, ta manta shara, ta manta kunya.

Da zai tafi na ce ya ɗauki kaset ɗin, nasa ne.
Ya shafa shi gaba da baya, ya miƙo mini.
"In kalla da me? Kai dai sayi igiya."

Na saya. Makullin adakar dama ya lalace.
Da ita nake ɗaure ta yanzu,
kuma ba ta tsinke ba. Tsohon ya faɗi gaskiya.